Kafin Ku Sa Ƙafa a Kogo

'Ya'yana na Oko-Oba, maza da mata, ku ɗaga kai ku dubi bangon ɗakin da kuke kwana a ciki. Bulo ne da siminti, irin na kowa a Agege. Simintin nan dutse ne aka fasa, aka niƙa, aka gasa a wuta mai tsananin zafi. Dutsen kuwa shi ne na farar ƙasa, kuma asalinsa ɓawon halittun ruwa ne, katantanwa da ƙumba da 'yan mitsi-mitsin halittun da ido ba ya gani, waɗanda suka mutu suka kwanta a ƙasan teku, wani bisa wani, har suka daskare. Tirelolin simintin da ke cika hanyar Abekuta dare da rana, da yawansu daga Ewekoro suke fitowa, a jihar Ogun, inda masana'antar siminti ta fara aiki tun 1960. Masana ilimin duwatsu sun ƙiyasta shekarun dutsen Ewekoro da kimanin miliyan 60, kuma har yau ana tsintar siffar katantanwar teku a cikinsa idan an fasa.

Wanda iyayensa mutanen Sakkwato ne, shi ma da nasa rabon. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina, inda ake gasa siminti tun 1967, sa'an na Ewekoro ne, haka na Malbaza a ƙetaren iyaka cikin Nijar. A wancan zamani teku mara zurfi ne ya malale daga arewa, ya bi ta Mali da Nijar, ya rufe ƙasar da yau ake noman gero da albasa. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai dogon baki da haƙora, wadda masu bincike daga Italiya suka raɗa wa sunan garin a 1972, Goronyosaurus. Sunan garin kakannin wasunku yana cikin littattafan kimiyya na duniya, su kuwa jikokin ba su da labari.

Ba don in koya muku sana'ar siminti na kawo wannan magana ba. Dutsen nan da muke gasawa, idan aka bar shi inda Allah ya ajiye shi, ruwa yakan sassaƙe shi ta ciki ya yi kogo, kogon kuma ya cika da masu rai. Mu kuwa kogo yana da matsayi a zukatanmu. A kogon Hira wahayi ya fara sauka ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A kogon Saur ya kwana uku shi da Sayyidina Abubakar a kan hanyar hijira. Kowace Juma'a kuna karanta labarin samarin da suka fake a kogo da imaninsu. To mutum nawa ne a cikinku ya taɓa tsayawa a bakin kogo? Yaro ya tashi tsakanin kara da mayanka da gadar Pen Cinema, hutu ya zo ya ƙare a kan waya, ya kai shekara 20 bai san yadda cikin ƙasa yake ba. Abin yana damuna ƙwarai. Ina so ku je ku gani, ku da iyayenku da ƙannenku. Ina kuma so ku san yadda ake shiga, domin kogo gida ne, da masu shi a ciki.

Ku fara daga tsakar gida. Ku samo ɓawon ƙwai, ko ɓawon katantanwar da ake zubarwa a kasuwa, ko tsakuwar farar ƙasa idan akwai mai kawo muku. Ku daka kaɗan ya yi gari, ku zuba a murfin kwalba, ku matsa lemun tsami a kai. Ku matso da ido: 'yan kumfa ƙanana za su riƙa tasowa. Ku kara kunne, za ku ji yana 'yar ƙara a hankali. Ku sake gwadawa da baƙar tsakuwar da ake zuba wa kankare, ba abin da zai motsa. Abin da kuka gani a murfin kwalbar nan shi ne abin da ruwan sama ke yi wa dutsen farar ƙasa. Ruwan yakan ɗauko iskar kabon tun daga sama, ya ƙara da wadda ke cikin ƙasa inda saiwoyi ke numfashi ganye ke ruɓewa, sai ya yi ɗan tsami wanda harshe ba ya ji. Ya sami tsaga a dutse ya bi. Bana ya lashi kaɗan, baɗi ya lashi kaɗan. Tsagar da allura ba ta shiga ta zama ta shigar hannu, ta zama lungu, ta zama zaure, har rafi guda ya ɓace daga doron ƙasa ya koma gudu a ciki. Dubban shekaru ake yi, wani wurin miliyoyi.

Idan ruwan ya ja baya ya bar fili, sai wani aikin ya fara. Ɗigon da ke tsattsafowa daga rufin kogo yana ɗauke da dutsen da ya narkar a sama, kafin ya faɗo sai ya bar ɗan kaɗan a inda ya rataya, ya bar wani kaɗan a inda ya sauka. A haka tsini ke saukowa daga sama, wani na tasowa daga ƙasa, wata rana su haɗu su zama ginshiƙi. A kogo da yawa santimita ɗaya tak kan ci shekara 100. Ku auna da yatsanku. Tsinin da bai wuce tsawon yatsa ba yana iya riga jihadin Shehu Usmanu na 1804 da ɗaruruwan shekaru, kuma yaro ɗaya zai karya shi cikin ƙiftawar ido don ya kai gida ya nuna wa abokai. A gida kuwa bushewa zai yi ya dushe, bayan mako biyu a share shi da shara. Ko taɓawa ba a so, saboda maiƙon hannu yana ɓata shi, yana hana sabon ɗigo kamawa.

Legas ba ta da irin wannan kogo, ƙasarta yashi ce da laka da ruwa. Ewekoro akwai dutsen, amma abin da ke can ramukan haƙa ne na masana'anta, masu zurfi da tara ruwa, inda ake fasa dutse da nakiya. Ba wurin yawo ba ne, kada wanda ya ja ku. Kogon farar ƙasa na sosai a ƙasar nan sai an nausa Kuros Riba, yankin Mfamosing kusa da Kalaba, inda ruwan sama mai yawa ya daɗe yana cin dutsen a cikin kurmi. A nahiyarmu akwai wanda nake yi muku fatan gani wata rana, kogon Sof Omar a yankin Bale na ƙasar Habasha, wanda ya ci sunan wani shehin Musulmi da ya zauna a wurin. Tsawon lungunansa ya haura kilomita 15, kogin Web yana shiga ta wannan baki ya fita ta wancan. Mafi tsawo da aka sani a duniya shi ne Mammoth a jihar Kentaki ta Amurka, an auna fiye da kilomita 670 kuma ba a kai ƙarshe ba. A irin waɗannan wurare ne ake samun halittun da ba su taɓa ganin rana ba. A Suloveniya akwai wata 'yar dabbar ruwa fara sol, idanunta a shafe, tana iya shekaru ba ta ci komai ba, tana kuma iya kai wa shekara 100. A kogon Al Huta na Oman akwai makafin kifi.

Amma ba da nesa ake farawa ba. Tun 2021 jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan yana tsayawa a tashar Agege, nan kusa da ku, ya bi ta Papalanto, maƙwabciyar Ewekoro, ya sauke ku Abekuta ba a yi awa biyu ba. Can akwai dutsen Olumo. Ba na farar ƙasa ba ne, dutse ne mai tauri irin na Kufena da Kwatarkwashi, kogunansa kuma ratar da ke tsakanin manyan duwatsu ce da ƙarƙashinsu. A nan Egbawa suka fake wajen 1830, lokacin da yaƙe-yaƙe suka tarwatsa garuruwan ƙasar Yarbawa. Ku sunkuya ku leƙa 'yan ɗakunan da suka kewaye da jar ƙasa a ƙarƙashin dutsen, rufin bai kai tsayin babba ba. Ku duba ƙasa, za ku ga ramuka masu santsi a jikin dutsen, inda mata suka riƙa niƙa barkono har dutse ya lotsa. Ku tsuguna ku yi tunanin uwar da ke niƙa a wurin da goyo a baya, tana sauraron ko mahara sun iso. Tafiyar yini ɗaya ce, a fita bayan asuba a dawo kafin isha'i, kuma kuɗinta bai kai abin da wasunku ke kashewa a ɗinkin Sallah ba. Wanda ya iya zama baƙo a Olumo, zai iya a ko'ina.

A nan ne tarbiyyar unguwarmu za ta yi muku rana. Kun sha ganin falke ya sauka da tirelar shanu daga Fataskum ko Maigatari ko Illela. Komai dukiyarsa, komai wayonsa, ba ya kutsa kai cikin kara shi kaɗai. Mai masaukinsa yake nema, wanda ya san mai biya ya san mai cin bashi, ya bi maganarsa, ya ba dillali la'adarsa ba ƙyashi. Da wannan hali kakanninmu suka zauna a zangon Agege tun zamanin fataucin goro, sun san ƙasa da masu ita. To haka ake shiga kogo. Ku nemi ɗan jagora na garin, ku biya shi haƙƙinsa ba ja-in-ja, inda ya ce a tsaya a tsaya, lungun da ya ce ba a shiga kada wani mai jin ƙarfi ya ce sai ya leƙa. Waya ba ta da sabis a ƙarƙashin dutse, taswirar cikinta ba ta san lungu ba, fitilarta kuma ba abin dogaro ba ce. Kowa ya riƙe tocilarsa, da wata a aljihu, da batir na ajiya. A bar mutum a waje wanda ya san lokacin da kuka shiga da lokacin da ya kamata ku fito. Babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, yara a tsakiya, a ƙirga kai a shiga a ƙirga a fita. Idan kuka ji haki ba dalili, ko kai ya fara sarawa, iskar wurin ce ba kyau, ku juya nan take.

Za ku tarar da wuraren da mutanen gari ke girmamawa bisa al'adarsu, a Olumo akwai, a kogon Ogbunike na jihar Anambara ma akwai. Can sai an sauka matakala 317 kafin a kai bakin kogon, kuma ƙa'idarsu ce a tuɓe takalmi. Ba wanda ya ce ku aikata abin da addininku ya hana. Ku wuce da mutunci, ban da dariya, ban da ɗaukar hoton mutum sai da izininsa. Ban da rubuta suna a bango kuma. Alhazan da suka hau Dutsen Nur sun ga yadda masu fenti suka ɓata duwatsun da ke kewaye da kogon Hira da sunayensu da na garuruwansu, abin kunya ne, kada ku kai irinsa garin wani. Na san kuma za a ce muku kogo mazaunin iskoki ne. Ku yi addu'arku ta shiga wuri, ku riƙe tocilarku, duka biyun. A Islamiyya an koya muku kada a yi bawali a rami, saboda rami mazaunin wata halitta ne. Wannan ladabin shi ne dai ake nema a kogo.

Idan kun yi nisa kaɗan a ciki, ku roƙi jagoran ya ba ku minti ɗaya a kashe fitilu duka, kowa ya riƙe hannun na kusa da shi. Ba ku taɓa ganin duhu irin wannan ba. A Agege ko an ɗauke wuta akwai fitilar mota, akwai janareton maƙwabta, sama ma ja take yi da hasken birni. Can kuwa ka kai tafin hannunka har kan hanci ba ka gan shi ba, ka buɗe ido ka rufe duk ɗaya. Sai kunne ya karɓi aiki. Za ku ji ɗigon ruwa nesa, ku ji numfashin ƙanenku, ku ji wani kaɗawar fiffike a sama da 'yar tsuwa. Hanci kuma zai ji wari mai hawa kai, na kashin jemage. Kada ku raina kashin nan, shi ne abincin gidan. Babu rana a ciki, babu ciyawa, don haka duk abin da ke raye a can yana jiran abin da jemagu suka ci a waje suka kawo. Kyankyasai da gyare da ƙananan tsutsotsi suna cin kashin, gizo-gizo mai dogayen ƙafafu da kunama suna cin su. A bakin kogo, inda haske ke kaiwa, tsattsewa na liƙa sheƙa, mujiya na yini, beguwa na shiga ta kwanta, maciji na jiran ɗan jemagen da zai faɗo. Saboda haka ba a cusa hannu a tsagar da ido bai gani ba. A duwatsun Arewa kuma ku riƙa ɗaga kai tun daga nesa, zuma na son bakin kogo, hayaniya da turare mai ƙarfi suna tayar da ita.

Jemage ne mai gidan, kuma shi ne wanda muka fi zalunta. Muna ƙyamarsa, yara na harbinsa da danƙo, wasu na cusa wuta a kogo hayaƙi ya kashe ɗaruruwa a dare ɗaya. A duniya akwai nau'insa fiye da 1,400, a Nijeriya kimanin 100. Ƙananan, masu cin ƙwari, suna fitar da siririyar ƙara wadda kunnenmu ba ya ji, su saurari amsa-kuwwarta, da haka suke gane bango da ƙwaro a cikin duhun da kuka ɗanɗana ɗazu. Guda ɗaya kan ci ƙwari wajen rabin nauyin jikinsa kafin gari ya waye, ciki har da masu ɓata amfanin gona. Manyan, masu cin 'ya'yan itace, aikinsu ya shiga har tukunyar iyayenku mata. Furen kuka fari ne, yana reto a dogon sili, ba ya buɗewa sai magariba, kuma dare ɗaya yake yi. Jemage ne ke zuwa ya sha ruwan zaƙinsa, ƙurar furen ta manne masa a gashi, ya kai wa wata kukar, sannan a sami 'ya'ya. Jan furen ɗorawa ma da dare yake zubar da zaƙinsa, jemagu na cikin manyan masu yi masa barbara, haka rimi. Ba barbara, ba kalwa; ba kalwa, ba daddawa. Miyar kuka ganye ce, gaskiya ne, amma kukar da za ta gaji wadda ta tsufa daga ƙwallo za ta tsiro. A Akara ta ƙasar Gana an bi sawun manyan jemagun nan masu ruwan ɗorawa, aka ga suna iya kai irin itace nisan kilomita 75. Ga shi kuma uwar jemage galibi ɗa ɗaya take haifa a shekara. Idan aka tayar da su da ihu ko jifa ko hasken fitila a ido, uwa kan firgita ta saki ɗanta, wanda ya faɗo kuwa ya tafi ke nan.

Kada ku ce ai suna da yawa, ba sa ƙarewa. Ku tambayi tsofaffin mahauta a mayankar nan tamu, ko ta Kano, ko ta Sakkwato, yadda ungulu take a da. Cika rufin kwano take yi, tana bin masu fiɗa har ƙafa, ana kora tana dawowa. Yau yaro zai yi shekara yana zuwa mayanka bai ga ko ɗaya ba. Tun 2015 aka sa irin ungulun nan tamu cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, guba ta ci wasu, masu neman sassan jikinta don tsibbu sun ci wasu. Ba wanda ya yi mata kuka, saboda ba wanda ya taɓa ganin kyanta. A kan idonmu abin ya faru, muna tsaye.

Tausayin jemage bai ce ku rungume shi ba. Nesa da shi ita ce maslaharku da tasa. A 1956 aka gano wata ƙwayar cuta, dangin ta haukan kare, a jikin jemagun tsibirin Legas. Ba a tabbatar ta taɓa kama mutum ba, amma tana da 'yan uwa masu kisa, don haka ba a ɗaukar jemage da hannu, rayayye ko matacce. Wanda ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ran nan, ba gobe ba. Akwai wani jemagen kogo mai cin 'ya'yan itace da ke ɗauke da cutar Marbug, 'yar uwar Ebola. A 2008 wata mata 'yar Holan ta shiga wani kogo cike da su a dajin Maramagambo na Yuganda, ta koma gida ta rasu. Busasshen kashin jemage kuma yana iya ɗauke da wani naman gwari da ake shaƙa da ƙura, an taɓa samunsa a ƙasar kogon Ogbunike. Takunkumin da kuka saba da shi lokacin korona ku sa shi, kada ku tayar da ƙura, kada ku ci abinci a ciki, kada ku sha ruwan kogo komai garai-garai ɗinsa. Zauren da jemagu suka cika maƙil, a tsaya daga baki a kalla. Mai juna biyu, da jariri, da tsoho mai ciwon ƙirji, da mai rauni a ƙafa inda ake tuɓe takalmi, su zauna a inuwa a waje. Kallo mafi kyau ma a waje yake, da magariba, lokacin da jemagun ke fitowa rututu.

Abin da ya fi duk waɗannan kisa shi ne ruwa, kuma a nan kalandar makaranta take yaudarar iyaye. Dogon hutunku daga Yuli zuwa Satumba yake, tsakiyar damina. Kogon da ruwa ya sassaƙa hanyar ruwa ce har gobe. Ana iya yin ruwa a kan tudun da ba ku gani ba, ku kuna ciki ba ku ji ko tsawa ba, sai dai ku ga rafin da ke idon sawu ya kai gwiwa, ya yi ja, yana ɗauke da ganye. Ran 23 ga Yunin 2018 yara 12 'yan ƙwallo, masu shekara 11 zuwa 16, suka shiga kogon Tam Luwang na ƙasar Tailan da kocinsu bayan atisaye, da niyyar su ɗan zaga su fito. Ruwa ya rufe hanya a bayansu. Sai ran 2 ga Yuli aka gano su a kan wani tudu, kimanin kilomita 4 daga baki, ba a gama fito da su ba sai ran 10 ga wata. Wani gwanin ninƙaya, Saman Kunan, ya rasa ransa yana kai musu tukwanen iska. Yaran nan ba 'yan iska ba ne, sa'o'inku ne, sun ma san kogon. Lokacin ne ba na shiga kogo ba. Ku bar dogon hutu don shiri da tara kuɗi, a yi tafiyar a hutun Disamba, ko cikin rani kafin ruwan farko.

Masu zuwa gida Arewa a wannan lokaci, ku roƙi Baba a ƙara kwana biyu a kan hanya, bayan an tambayi 'yan uwa na can halin da hanyar ke ciki. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa, ƙarƙashin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu wanda mutanen zamanin da suka yi a jikin dutse. Ku 'ya'yan kara ne, za ku lura da abin da wani baƙon ba zai lura ba: shanun nan ba su da tozo. Wani iri ne da aka yi kiwo a ƙasar kafin irin namu ya mamaye ta. A Yankari kuma, cikin jihar Bauci, dajin da aka keɓe tun 1956, akwai kogunan Marshall guda 59, waɗanda mutane suka fafe da hannu a jikin dutsen yashi, kowanne da ƙaramar ƙofa zagayayya, ana kyautata zaton mafaka ce ta zamanin harin bayi. Rani ne lokacin ganin dabbobi, saboda ƙishirwa na tara su a bakin kogin Gaji: giwa, ɓauna, gwanki, gwambaza, dorina. Ruwan Wikki yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse da ɗumi iri ɗaya dare da rana, digiri 31. Ku kula da gwaggon biri a masauki, ya saba da mutane har yana fizge leda a hannu. Masu ba shi abinci ne suka lalata shi, kada ku ƙara.

Samari, magana ta gare ku. Idan aka tashi tafiya irin wannan, abu ne mai sauƙi a ce mata su zauna su tsare gida. Kada ku yarda. Ku ne za ku ce wa Baba a tafi da Umma da su Yaya da ƙannenku mata, ko da za a jinkirta wata guda adashi ya zagayo. Wadda ta fi kowa yi wa jemagun ƙasar nan hidima a zamaninmu mace ce, Dokta Iroro Tanshi. A 2016, a dutsen Afi na Kuros Riba, ta gano wani ɗan jemage mai gajeren bindi da aka shekara 45 ba a gan shi ba. Ba ta tsaya a nan ba, ta zauna da manoman yankin suka shirya yadda za a riƙa tare gobarar daji da ke cinye kurmin, aka ba ta kyautar Whitley a 2021. Ana koyar da ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ana koyar da ilimin dabbobi, kuma ƙasa mai dutsen farar ƙasa daga Kalambaina zuwa Ashaka zuwa Mfamosing tana buƙatar masu karatun nan da suka san harshen mutanen ƙauye. Ku tafi da littafi da biro. Ku rubuta sunan da mutanen wurin ke kiran kogon, da abin da tsofaffi suka ce game da shi, da dabbar da kuka gani da ƙarfe nawa. Hoto yana cika waya ya ɓace ranar da aka sace ta.

Robar ruwa da ledar biskit da mataccen batir, duk abin da ya shiga da ku ya fito da ku. Da kun fito a wanke hannu da ƙafa da sabulu kafin a taɓa abinci, a gida kuma a wanke kayan da aka shiga da su daban, ban da kaɗe su a tsakar gida inda yara ke wasa. Idan wani ya yi zazzaɓi ko tari cikin mako uku da dawowa, ko daga baya wani ƙurji ya fito da ya ƙi warkewa, kada a tsaya a kemis. A je asibiti, kuma ku faɗa wa likita da bakinku cewa kun shiga kogo mai jemagu, da sunan wurin da ranar, domin shi zazzaɓin cizon sauro zai fara zato idan ba ku faɗa ba.